Ranar da Muka Hau Agulmim

Kun cika min waya da tambaya, wai me ya faru ranar da muka hau dutse. To ga ni zaune, ƙafafuna cikin ruwan ɗumi da gishiri, sai yanzu yatsuna suka fara yarda cewa nawa ne. Zan faɗa muku komai, har abin da na yi wata tara ina riƙewa a cikina.

Don waɗanda yau suka iske mu: sunana Tiziri, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da 'yan aji uku a makarantar ƙauyenmu, Tala Umalu, a gindin dutsen Jarjar. Yayyena maza biyu suna Faransa, ni kaɗai na rage wa Baba, wanda ake kira Dda Akli (Dda lakabin girma ne a wajenmu), da Yemma, wato mahaifiyata Farruja. Mai nemana sunansa Lunis, ɗan Bgayet ne, bakin teku, yana gyaran injin jiragen kamun kifi. Wata takwas ke nan da ya turo magabatansa, wata takwas ina cewa a ɗan ba ni lokaci.

Ranar Yennayer, sabuwar shekararmu ta manoma, gida ya cika tun hantsi. Yemma ta yanka zakaru biyu. Ni da Nanna Sakura, yayar Baba, muna madafi muna murza kuskus a babban akushi. Na sa rigata ta biki, farar nan mai aikin zare ja da rawaya da kore a wuya da hannu, na ɗaura jan zani mai ratsi a kai, har da abin wuyan azurfa na kakata mai nauyin tsiya. Na san kwalliyar za ta jawo min magana. Ta kuwa jawo.

"Dube ta don Allah," in ji Nanna, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kamar amarya. Angon kawai ya rage."

"Nanna, miƙo min gishiri."

"Ba zan miƙo ba. Faɗa min, me yaron nan ya yi miki? Shaye-shaye yake?"

"A'a."

"Mummuna ne?"

Wallahi ba mummuna ba ne. Yana da ɗan tabo a gira, ƙugiya ce ta yi masa yana yaro, in ya yi dariya tabon ɗagawa yake. Ni na san sau nawa na buɗe hoton nan a rana.

"To mene ne? Uwarsa ta aiko da kifi sau uku. Sau uku! Mun cinye kifin mutane tas, amsa kuwa babu. Ni yanzu kunya ta hana ni shiga Bgayet."

"Da ma me kike zuwa yi a Bgayet, Nanna?"

"Farruja! Kina jin bakin 'yarki?"

Yemma tana gaban tukunya, bayanta muke gani. Ta ce, "Ina ji. Ƙyale ta, Sakura, kuskus ɗin nan ya yi guda-guda."

Abin da Nanna ba ta sani ba, ku bari in faɗa muku. A bazarar da ta wuce na raka Baba birnin Tizi Uzu, muka ce wa Yemma takardun fansho za mu gyara. Wajen likitan ido muka je. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci ba a sani ba. Na hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya. Na dama kuma yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta bakin kwalba: abin da ke gabansa sak yana gani, abin da ke gefe da ƙasa babu. Magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi.

A motar dawowa Baba ya kama hannuna ya ce, "Kada uwarki ta ji. Ranar da ta ji, za ta ƙwace min sanda ta zaunar da ni gefen murhu kamar tsohuwar kyanwa. 'Yan'uwanki kuma su zo su kwashe ni zuwa wani bene inda ba dutse ba akuya."

Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana malamin daji, wanda ya san kowane itace a Jarjar kamar 'ya'yansa. Na yi masa alkawari. Tun ranar, kullum da safe ina binsa ɗakin awaki da sunan tatsar nono, in ɗiga masa magani. Ni ce ke kawar da bokiti daga hanya, ni ce ke cewa, "Baba ga Dda wane yana gaishe ka," kafin a gane bai gan shi ba. Wata guda bayan haka mutanen Lunis suka zo. Ku faɗa min, ta yaya zan tattara in koma Bgayet, tafiyar awa uku? Kuma ta yaya zan faɗa wa Lunis dalili, alhali sirrin ba nawa ba ne?

Ana tsakiyar cin abinci Baba ya ajiye cokali ya ce, "Jibi zan hau Agulmim. Tiziri, ki ce wa ɗan tekun nan ya zo mu hau tare. Ina so in ga ko ƙafarsa ta san wani abu ban da yashi."

Nanna ta rangaɗa guɗa, ita a ganinta magana ta kusa. Ni kuwa na ajiye cokalina. Tafkin Agulmim tafiyar awa huɗu ce a lokacin zafi. Yanzu dusar ƙanƙara ta kwana uku tana zuba.

Washegari a ɗakin awaki, ina riƙe da kwalbar magani, na ce, "Baba, bana ba za ka hau ba."

"Shekara arba'in da ɗaya ina hawa duk Yennayer."

"Da idonka kake hawa."

"Da ƙafata nake hawa, marar kunya. Ɗiga min." Na ɗiga. Ya runtse ido, maganin ya gangaro kan gemunsa. Sai ya ce a hankali, "Bana ne ma zan hau, Tiziri. Akwai sauran abin da zan gani da shi. Baɗi ban sani ba."

Na goge masa gemu da bakin zanina, na fita na ɗauki waya.

Na rubuta: "Baba ya ce ka zo gobe da sassafe, za a hau dutse."

Ko minti ɗaya ba a yi ba: "Dutse kuma? Laifin me na yi?"

"Tafki zai nuna maka."

"Ina da teku guda a ƙofar gida."

"In ba za ka iya ba, in faɗa masa."

"Wa ya ce ba zan iya ba? Akwai sanyi?"

"Kaɗan."

"Tiziri, kaɗan ɗinku na mutanen dutse ko kaɗan na Musulmi?"

Na kwashe da dariya ni kaɗai a tsakar gida, har Yemma ta leƙo ta taga.

Ya iso bayan asuba, gari ya fara haske, a motar wani abokinsa. Ku zo ku ga shiga! Takalmin yawon gari fari fat, da wata 'yar jaket mai sheƙi da ko iskar bakin teku ba za ta tare ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya sumbaci kan Yemma. Yemma ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗana, biki za ka ko dutse?"

Ta shige ɗaki ta fito da takalman yayana na hawan dutse, da safa uku, da rigar ulu da ta saƙa da hannunta, da wata hula mai kunnuwa. Ta tsaya a kansa sai da ya sa duka. Ya koma kamar buhun gawayi mai ƙafa. Ta cika jakar goyo da gurasa mai zafi, da kwalbar man zaitun, da busasshen ɓaure, da filas na kofi da madara. Baba ya yafa farar alkyabbarsa ta ulu a kan tsohuwar rigar aikinsa, ya ɗauki sanda. Ni kuma na sa jar rigar sanyina. Ba don kwalliya na saye ta ja ba. Ita Baba ya fi gani a cikin fari.

Yemma ta raka mu har ƙofa, ta gyara wa Baba wuyan alkyabba, ta daɗe tana gyarawa. "Kada la'asar ta same ku a sama," ta ce.

Muka bi ta gonakin zaitun, muka haura. Ƙa'idarmu ni da Baba ita ce: ina gaba da taku uku, ina fasa ƙanƙara, shi yana sa ƙafa a sawuna yana bin jan bayana. Lunis na can baya yana haki kamar tsohon injin da yake gyarawa.

"Ɗan teku, kana raye?"

"Ina nan, Dda Akli. Huhuna ne dai ya ce a gaishe ka, ya koma gida."

"Ko rabin rabi ba mu yi ba."

"Kada ka faɗa masa, zai ƙi dawowa."

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya shiga ba shi labarin daji: inda ya kama masu satar katako, inda gobara ta tsaya a shekarar kaza, kogon da ya kwana biyu a ciki da wani jaki. Da muka shiga cikin manyan itatuwan al'ul, ƙanƙara ta kai gwiwa. Rassa sun sunkuyo da nauyinta, ko'ina tsit, ba ka jin komai sai ƙurus-ƙurus na takunmu. Birai uku suna zaune a kan reshe sun dunƙule, suna kallon Lunis kamar sun san baƙo ne.

A nan na yi sakaci. Na juya ina nuna masa biran, ban ga wani reshe da ya miƙo ta hagu ba. Ya doki Baba a gefen kai, ƙanƙara ta zubo masa a wuya. Reshe ne ƙato, yaro ma zai kauce masa.

"Itacen nan ya san ni, gaisuwa ce," in ji Baba, yana karkaɗe kafaɗa.

Lunis ya yi dariya. Ni na saci kallonsa, ban ga komai a fuskarsa ba.

Bayan awa biyu muka tsaya a gindin wani dutse muka sha kofi. Lunis ne ya zuba, ya miƙa wa Baba kofin ta gefen hagu. Baba na ta magana, bai karɓa ba. Hannun Lunis ya tsaya a iska, tururi na tashi. Na buɗe baki zan ce wani abu, sai na ga ya zagayo da kofin gaban Baba sak, ya ce, "Dda Akli, karɓi kafin in shanye." Shi ke nan. Ya juya ya ci gaba da dangwala gurasa a mai.

Daga nan fa mutumin ya canza min. Lunis da ke fama da numfashi, ya zama baki abin magana. Ya matso daf da bayan Baba yana ta mita da ƙarfi.

"Wai wa ya ajiye wannan ƙaton dutsen a hagu? So ake a karya ni?"

Jim kaɗan: "Kai! Ga wani rami nan gaba ta dama, wallahi garin nan ba a son baƙo."

"Ga reshe kuma, daidai kan mutum! Dda Akli, shekara talatin kana aiki ba ka sare shi ba?"

Ni haushi ya fara kama ni. A raina na ce, oh ni Tiziri, wannan ragon zan aura? Namiji guda da gemunsa, komai sai ya yi kuka da shi? A gaban Baba kuma! Na juya na watsa masa harara. Ya ɗaga min gira, tabon nan ya motsa, ya ci gaba da mitarsa.

Sai da muka kai Mashigin Akuya na gane.

Wuri ne da hanya ke bin jikin dutse, faɗinta bai fi mutum biyu su jera ba, ta hagu kuma gangare ne mai zurfi har ƙasan kwari. Tun daren jiya shi nake tunani. Iska ta daskarar da ƙanƙarar wajen, ta yi santsi. Na tsaya ina lissafin yadda zan riƙe Baba ba tare da baƙo ya gane ba, sai na ji Lunis ya ce, "A'a. Ni fa nan na tsaya."

"Me ya faru?" in ji Baba.

"Dda Akli, ka rufa min asiri a gaban 'yarka. Ƙafata rawa take. Ni ko kan jirgi ba na leƙa ƙasa. In ba riƙe ni za ka yi ba, ku je ku dawo ku same ni."

Baba ya yi tsaki mai daɗi, irin na wanda aka ba girma. "Zo nan, ragon banza. Kama hannuna."

Lunis ya zo ya saƙala hannunsa cikin na Baba. Ta hagu. Ya sa jikinsa tsakanin Baba da gangaren, takalminsa a bakin rami, ya bar wa Baba jikin dutse. Na tsaya ina kallonsu. Duk mitar nan, dutse a hagu, rami a dama, reshe daidai kai... ashe hanya yake karanta wa Baba.

Na juya na shiga gaba, don kada su ga fuskata. Taku ɗaya, in dasa sanda, taku ɗaya. Mun kusa fita sai na ji ƙarar santsi a bayana, da faɗuwar ƙanƙara cikin kwari. Na waiga. Ƙafar Baba ta zame, ya tafi da gwiwa ɗaya, sandarsa ta kuɓuce tana gangarawa. Lunis ya durƙusa ya dasa gwiwa a bakin ramin, ya rungumo shi da hannu biyu ya tura shi jikin dutse. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da dutse ya maido min da muryata.

Suka tsaya a haka, suna haki. Sai Lunis ya ce, muryarsa na rawa da gaske wannan karon, "Na gode, Dda Akli. Da ba ka riƙe ni ba, da na tafi."

Na miƙa wa Baba sandata, muka ƙarasa.

Ƙaramin tafki muka fara tararwa, wanda makiyaya ke shayar da tumaki da rani, ya daskare ya zama kamar faranti. Muka haura wani ɗan tudu, sai ga Agulmim a gabanmu. Na zo nan ya fi sau ashirin, amma kullum kamar yau na fara ganinsa. Fili guda fari tas a tsakiyar duwatsu, shafe kamar an shimfiɗa zanin gado, a tsakiyarsa kaɗai ƙanƙarar ta yi shuɗi-shuɗi. Rana ta fito, hasken har yana sa hawaye. Ko sawun tsuntsu babu.

Baba ya zauna a kan dutsen da ya saba zama. Ya daɗe yana juya kai a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, yana ɗibar wurin kaɗan-kaɗan ta 'yar ƙofar da ta rage masa. Hasken ya yi masa yawa, na gani, idon sai ruwa yake. Can ya ce, "Ɗan teku, zo zauna. Faɗa min abin da kake gani."

Lunis ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Ina ganin... fari, Dda Akli."

"Allah ya shirye ka. Ƙara dubawa."

"Akwai duwatsu uku a can gaba, na tsakiya ya fi tsawo, kansa a tsage. Gajimare ɗaya ya maƙale a tsagin. A bakin tafkin ta gabas akwai itace guda shi kaɗai."

"Yana tsaye?"

"Yana tsaye. Reshe ɗaya ya karye, yana lilo."

"Ni na dasa shi, shekarar da aka haifi yarinyar nan." Baba ya goge ido da bakin alkyabba. "Tun yaushe ka gane?"

Lunis ya ce, "Na yi zargi wajen reshe. Wajen kofi na tabbatar."

"Ƙaryarka ba ta da kyau, ka sani? Mai tsoron rami ba ya zaɓar gefen rami."

"Zan gyara, Dda Akli."

"Kada ka gyara." Ya lalubo kafaɗarsa ya dafa. Sa'an nan ya juyo da fuskarsa wajen jar rigata. "Ke kuma zo nan. Kin ɗauka ban san abin da ya sa kike jan yaron nan a ƙasa ba? Na sani tun ranar farko. Na yi shiru saboda ina jin daɗin ki a kusa. Son kai ne, Tiziri. Na ɗora miki kayan da ba naki ba, na bar Sakura tana cin naman ki a madafi. Ki yafe min."

"Baba, don Allah..."

"Ban gama ba. Idona zai tafi ko kina Tala Umalu ko kina Bgayet. Zamanki ba zai riƙe shi ba. Ban haife ki don ki zama sandata ba."

Nan fa na fashe. Kuka irin na yara, da majina da komai, a gaban saurayi, hancina ja kamar rigata. Baba ya bubbuga min baya, ya ce in nuna masa alƙibla. Ya yi taimama a jikin dutse, ya shimfiɗa alkyabba, ya ta da sallar azahar. Na san da gangan ya ja ta.

Ni da Lunis muka ɗan matsa bakin tafki. Ya miƙo min ɓaure.

"Shi ne dalilin?"

"Shi ne."

"Wata takwas." Ya girgiza kai. "Ni ina can na canza sabulu sau huɗu, na ɗauka warin kifi ne."

Dariya ta kuɓuce min a tsakiyar kuka, har na sarƙe.

"Tiziri, ba zan yi miki ƙarya ba, tunda an ce ban iya ba. Ba zan iya barin teku ba, shi na iya. Kuma na ga Dda Akli ba zai bar dutse ba ko da igiya aka ja shi. Ban san yadda za a yi ba. Ko ki riƙe makarantarki in riƙa zuwa, ko mu sami gida a tsakiya, ko lokacin sanyi su sauko wajenmu. Ban sani ba. Amma ki daina rashin sanin ke kaɗai. Ki bari mu yi shi tare."

Na kalli hular Yemma mai kunnuwa a kansa, kunne ɗaya ya karkace, wandonsa ya yage a gwiwa inda ya dasa ta a bakin rami, jini ya ɗan fito ya daskare. Bai ma lura ba.

Na ce, "Ka ce wa mamarka ta daina aiko da kifi."

Fuskarsa ta faɗi.

"Ta zo da kanta. Ta taho da magabata."

Sai ya juya ya fuskanci tafkin ya kurma wani ihu da sai da duwatsu uku suka amsa. Daga bayanmu Baba ya yi sallama ya ce, "Kai! Za ka zubo mana da dutse a ka, mahaukaci!"

Muka ci gurasa da mai, muka shanye sauran kofin, muka kamo hanya tun rana na sama. A saukowa babu sauran wasan ɓoyo. Lunis na riƙe da Baba a fili, yana faɗa masa hanya ba tare da mita ba, Baba kuma na gyara masa sunan kowane kwari. Mashigin Akuya muka wuce shi a zaune, muna ja da gindi kamar yara, Baba na cewa in wani ya ji wannan labarin a ƙauye sai ya tsine mana.

A cikin itatuwa ya tsayar da mu. "Magana ɗaya. Farruja ba za ta ji daga bakinku ba. Ni zan faɗa mata, amma ku ba ni zuwa bayan biki. Shekara arba'in tana ganina a tsaye. Ku bar ta ta aurar da 'yarta da farin ciki, ba ta san komai ba."

Muka ce to. Lunis har da ɗaga hannu.

Sanyi ya kashe min waya tun a sama, don haka Lunis ya ba ni tasa in riƙa ɗaukar su hoto. Tana hannuna muka fito daga daji, muka iso kan tudun da ake hango ƙauye, inda sabis ke dawowa. La'asar ta yi, hayaƙi na tashi daga rufin gidaje. Wayar ta yi ƙara a tafin hannuna, saƙo ya hau kan gilashi. Ba leƙe na yi ba, Allah ya sani, idona ne ya faɗa kai.

Sunan da ke sama: Nna Farruja. An turo shi tun ƙarfe takwas na safe, sai yanzu ya sami hanya. Yemma, da ban taɓa ganin ta rubuta saƙo ba a rayuwata, kullum sai dai ta kira ta yi ta ihu. Haruffan a karkace, babu ko ɗigo:

"Lunis ɗana ka tsaya ta hagunsa hagun ba ya gani kada ka faɗa musu na sani su biyun suna ganin sun iya ɓoyo wata tara ina kallonsu ka dawo min da shi"

Na karanta sau biyu. Na ɗaga kai na hango gidanmu can ƙasa. Akwai mutum tsaye a kan soro, cikin wannan sanyin, da hannu a goshi, tana kallon hanyar dutse.

"Na ji waya ta yi kuka," in ji Baba, yana juyo da fuskarsa wajen jar rigata. "Tiziri, wane ne?"